Toyota Hilux Vigo a hanyoyin Maraɗi: inda take kama ƙasa da inda take saki

Motar da muka ɗora a sikeli ita ce Hilux mai ƙofa huɗu, kat-kat, wadda aka fi sani da Vigo. Toyota ta fara fitar da ita a Tailan a 2004, aka ci gaba da ƙera ta har 2015, da ɗan gyaran fuska a 2008 da 2011. A Maraɗi ba sai an neme ta ba. Ma'aikatu, ƙungiyoyin agaji, ƴan kasuwar aya da wake da riɗi, kowa da tasa. Yawanci ta hannu ake saye, kuma mai saye injin yake kasa wa kunne, ya duba hayaƙi, ya zagaya bodi, shi ke nan ciniki ya faɗa. Ƙafafu ba a cika leƙa su ba, alhali su ne ke sa mota ta bi hannun direba ko ta bi son ranta.

A ganinmu, Vigo mota ce mai jin magana idan tana ɗauke da kaya daidai kima, mai rawar kai idan bayanta fayau ne, mai haɗari ƙwarai idan aka yi mata lodi har sama. Mafi yawan abin da ake zarginta da shi, ba daga Toyota ya zo ba. Daga iskar taya yake, da mataccen amotisar, wato abin da ke kashe lilon mota bayan ta faɗa rami, da ƙarin lam da ake yi mata a gareji.

Gabanta da bayanta ba ginin zamani ɗaya ba ne. A gaba kowace ƙafa tana cin gashin kanta, da hannu biyu, na sama da na ƙasa, da sifirin mai murɗe da amotisar a cikinsa. Sitiyarin na haƙori ne kai tsaye, mai taimakon mai, ba akwatin sitiyari irin na tsofaffin Hilux kat-kat ba. Shi ya sa wanda ya sauko daga tsohuwar zai ji hannunsa ya yi sauƙi, kuma da ya ɗan murza gaban ya amsa. A baya kuwa aksul ne guda, sandararre, a kan lam, wato jerin ƙarafan nan masu lanƙwasa da aka yi don ɗaukar nauyi. Tsakanin ƙafar gaba da ta baya milimita 3085 ne, tsawon motar ya ɗan haura mita 5.2. Wannan tsawo yana ba ta natsuwa a miƙaƙƙiyar hanya, amma a lungunan Bagalam ko Mokoyo, ko a cunkoson babbar kasuwa tsakanin kabu-kabu da adaidaita, juyawa ɗaya ba ta isar ta. Tana buƙatar fili na sama da mita 12 kafin ta juyo.

A kan kwalta, ko ta Tasawa zuwa Damagaram, ko ta Gidan Rumji zuwa Yamai, ko ta Ɗan Isa zuwa Jibiya, ba ta da laifi a gudun 90 zuwa 100. Tana riƙe layi, iskar tirela ba ta cika ture ta ba. A kwana tana karkata, domin doguwa ce a tsaye, kuma idan aka shiga da gudu gaban ne ke fara ƙin bin kwanar, ya nufi waje. Maganinsa a ɗaga ƙafa daga totur a hankali, kada a ƙara murza sitiyari. Wurin da ba ta yafiya shi ne kauce wa abu ba zato: jaki, amalanke ba fitila, yaro a kan babur. A 2007 mujallar motoci ta Suwidin, Teknikens Värld, ta yi mata gwajin kaucewar gaggawa, hagu sannan dama, sai ƙafafun gefe guda suka tashi sama a gudun da bai kai kilomita 60 ba. Wasu samfuran da suka biyo baya sun zo da na'urar VSC mai taka wa kowace ƙafa birki da kanta idan mota ta fara zamewa, amma da yawa daga cikin waɗanda aka ƙera don Afirka ba su da ita. A kunna makulli a duba allon gaba. Idan fitilar VSC ba ta cikin waɗanda suka kama, babu mai gyara kuskuren direba sai shi kansa.

Wannan ya shafi abin da ya fi kifar da motoci irinta, wato bakin kwalta da ruwa ya cinye. Tirela ta matso, ƙafafun dama suka faɗa ƙasa, sai direba ya fizgo sitiyari hagu. Tayar gaba tana gogar gefen kwaltar, ta ƙi hawa, ta ƙi hawa, sai ta haye gaba ɗaya da sitiyari a murɗe, motar ta tsallaka hannun masu zuwa. Ya sake fizgowa dama, nauyi ya watsu gefe guda, sai kifewa. Abin yi shi ne a riƙe sitiyari a miƙe, a bar ƙafafun dama a ƙasa, a saki totur, gudu ya sauka zuwa 40 ko ƙasa da haka, sannan a hau a hankali inda bakin ya yi ƙasa.

Amsa totur ya danganta da injin da aka samu. 5L-E mai lita 3.0 ba shi da turbo, ƙarfinsa kusan doki 95. Ba ya gardama da gazuwal ɗin da bai cika tsabta ba, yana ja tun daga ƙasa ba tare da fizga ba, amma wuce tirela da shi sai an ga hanya fayau mai nisa. 2KD mai lita 2.5 da 1KD mai lita 3.0 masu turbo ne. Ƙasa da juyin inji 1500 a minti sanyi gare su, daga nan sai ƙarfin ya zo a dunƙule, abin da ke sa baya ya zame a kan tsakuwa idan ƙafar direba mai nauyi ce. Na fetur, 2TR mai lita 2.7, sai an ɗaga shi sama yake nuna kansa.

Da an sauka daga kwalta aka hau hanyar jar ƙasa, halinta na gaskiya ke fitowa. A H2, wato idan libar kat-kat na matsayin tafiyar yau da kullum, ƙafafun baya kaɗai ke ja, kuma su ne ba su da nauyi a kansu idan akwatin baya wayam ne. Lam ɗin da aka yi don kusan tan guda ba ya lanƙwasa wa rami idan ba kaya, sai dai bayan ya yi tsalle, kamar amalanken da ba kaya ana jan sa a kan kunyoyin gona. Taya kuwa muddin tana sama ba ta riƙe kome. A kwana mai tsakuwa, idan aka taka totur, bayan zai fice waje. A lokacin ana murza sitiyari zuwa gefen da bayan ya nufa, a sassauta totur, ba a taɓa birki. Hanya mafi arha ta rage wannan ita ce a ajiye nauyin kilo 150 zuwa 200 a baya, buhu biyu, a jingine da bangon kabin, a ɗaure. Bambancin a kilomita ta farko ake jin sa.

Gargada, wato ƙananan kunyoyin da tayoyi ke sassaƙawa a kan jar ƙasa, ita ce babbar jarrabawa. A gudun 30 zuwa 40 kowace taya tana faɗawa cikin kowane kwari, mota ta yi ta kakkarwa har allon gaba ya nemi ɓallewa. Direbobi sun san cewa idan aka kai 70 ko 80 girgizar tana lafawa, kuma gaskiya ne, amma dalilin lafawar shi ne abin tsoro: tayoyin sun daina sauka cikin kwarin, kan tudun kawai suke taɓawa. Rabin lokaci a iska suke. Sitiyari ya yi sakwaf, birki ya yi tsawo, kuma a kwana motar tana tafiya gefe kaɗan-kaɗan ba tare da an ji ba. Saboda haka gudun da ya yi daɗi a miƙe, a zubar da shi tun kafin kwana, ba a cikinta ba. A sa H4, domin idan ƙafafu huɗu na ja, gaban yana jan motar zuwa inda aka nufa. A rage iskar taya zuwa kilo 1.8 ko 2.0 idan ba kaya masu nauyi, taya ta riƙa shanye ƙananan bugun. Ga kuma zafi: amotisar da ke hawa da sauka ba hutu, man cikinsa yana zafi ya yi kumfa, ya daina riƙewa. Motar da ta fito da natsuwa, bayan awa guda a gargada a watan Afrilu, ana zafin da ya haura digiri 40, sai ta fara lilo. Mai gas ya fi jure wannan. KYB, Tokico, Monroe, Bilstein duk suna yi wa Vigo, sai dai jabu sun yi yawa a kasuwa, kwali mai kyau ba shaida ba ne. A canza su bibbiyu, dama da hagu tare.

Maganar lodi kuwa, lissafi ne da mutane ba sa son ji. Abin da aka yarje wa mai ƙofa huɗu ta ɗauka yana tsakanin kilo 800 da kusan 1000 gwargwadon samfuri, kuma har da mutanen da ke ciki. Maza biyar sun cinye kusan 350. Abin da ya rage buhu huɗu ne zuwa shida na kilo 100. Ranar kasuwar Sabon Mashi ko Kornaka kowa ya san ana ninka wannan, a ɗora mutane a kai. Akwatin bayan wajen mita ɗaya da rabi ne, kuma mafi yawansa a bayan aksul yake, don haka duk buhun da aka ajiye kusa da ƙofar baya yana ɗaga gaba. Ƙafafun da ke juya mota su yi sauƙi, sitiyari ya daina jin magana, fitilu su haska sama. Mai nauyi a ƙasa kuma a gaba, marar nauyi a sama. Duro ko tankin ruwa a cika shi fal ko a bar shi wayam, domin rabin tanki yana watsuwa gefe a daidai lokacin da mota ke karkata.

Daga nan ake zuwa gareji a ce, "Maigida, a ƙara mata lam biyu." Bayan ya tashi, ya daina zama, mai mota ya ji daɗi. Abin da ba a faɗa masa shi ne, samfuran da ba su da ABS, na'urar da ke hana birki kulle taya, suna da wani bawul a jikin shasi, sama da aksul ɗin baya, da ɗan sandan ƙarfe da ya haɗa shi da aksul. Aikinsa auna yadda baya ya zauna: idan ya zauna, ya san akwai kaya, ya ƙara wa birkin baya ƙarfi, idan ya tashi, ya rage. Da aka ƙara lam, bayan ba ya zama ko da kaya, bawul ya ɗauka mota wayam take, ya hana birkin baya aiki. Duk wahalar ta koma kan faifan gaba, fata ta ƙone, tsayawa ta yi nisa a ranar da aka fi buƙatar ta. Akasin haka ma yana faruwa: lam da ya gaji ya kwanta yana sa bawul ya ɗauka kullum da kaya, ƙafafun baya su riƙa kullewa a kan tsakuwa, mota ta juya. Duk wanda ya taɓa tsayin baya, dole ya sake saita sandan nan. Kuma ƙarin lam ba ya ƙara wa shasi, ko borin da ƙafa ke juyawa a kai, ko taya ƙarfi.

A yashi, irin na arewa da Dakoro wajen Barmo da Gadabeji, ko na cikin Gulbin Kaba da rani, Vigo tana yin abin kirki idan an shirya ta tun kafin a shiga. Wasu samfuran suna da makullin hannu a cibiyar ƙafafun gaba. A sauka a murɗa duka biyun zuwa LOCK, domin idan ɗaya kawai aka kulle, gaban ba ya ja ko kaɗan. Iska ta sauka zuwa kilo 1.2 ko 1.5, tafin taya ya yi tsawo ya hau kan yashi maimakon ya tona. H4 da giya ta biyu ko ta uku ya isa wurin da ba zurfi. Inda ya yi laushi, a tsaya cak, a taka kuloci, a sa L4, wanda ke ninka ƙarfin ja sau biyu da rabi, a tashi da giya ta biyu. Ba a canza giya a tsakiyar laushi, don da an taka kuloci yashi ya riƙe mota. Ba a murza sitiyari da yawa, ba a taka birki, sakin totur kaɗai yana tsayar da ita. Idan tayoyi suka fara juyawa a wuri ɗaya, a ɗaga ƙafa nan take, a koma baya a kan sawun da aka zo. Da an fito, a mayar da iska kafin a yi gudu, domin taya mai kilo 1.3 a kan kwalta mai zafi ba ta daɗewa take fashewa.

A kuma fitar da H4 da zarar an hau busasshiyar kwalta. Motar ba ta da abin da ke raba juyi tsakanin gaba da baya, don haka a kwana ƙarafan ja suna murɗe juna, sitiyari ya yi tauri, liba ta ƙi fita. Idan ta maƙale, ƴar tafiya da baya a miƙe tana sakin ta. Amma Toyota ta ce a riƙa tafiya da kat-kat aƙalla kilomita 16 kowane wata don mai ya zagaya kayan gaba.

Da damina, lakar fadamun Madarumfa da Jiratawa ta fi yashi wayo: taya ta cika da taɓo ta zama sumul, mota ta bi gangaren hanya ko ina sitiyari ya kalla. H4, giya ta biyu, ƙafa marar nauyi. Bayan an ratsa ruwa, a ɗan taka birki ana tafiya har ya bushe, musamman na baya da yake ganga ce mai tara laka. Idan aksul mai zafi ya nutse, a duba mansa, in ya koma kalar madara ruwa ya shiga. Ruwan farko a kan kwalta ma santsi gare shi, ƙurar rani da ɗigon mai sun haɗu.

Rabin halin motar nan a taya yake. Wadda ta zo da wilin ƙarfe 205R16C ce, mai lambar nauyi 110/108, wato kowace tana ɗaukar kilo 1060. Harafin C ko LT yana nufin ta kaya ce, gefenta da kauri. Tayar ƙaramar jif mai girma ɗaya tana shiga, amma gefenta yana lanƙwasa a kwana, mota ta riƙa iyo. Iskar da ta dace tana rubuce a jikin ginshiƙin ƙofar direba. Ga 205R16C wajen kilo 2.4 ne gaba da baya, a ƙara wa baya zuwa wajen 3.2 idan an yi cikakken lodi. Kuskuren masu faci shi ne su dura wa duka huɗun kilo 4 wai motar kaya ce. Sakamakon tsalle, cin tsakiyar taya, da birki mai nisa. A auna da safe tayoyi na sanyi. Idan aka auna bayan tafiya aka ga ta hau, kada a sace iskar, zafi ne, za ta koma. Mai sayen taya ta hannu ya karanta lambobi huɗu na ƙarshen layin da ya fara da DOT a gefen taya: 2319 na nufin mako na 23 na 2019. Wadda ta haura shekara shida a bar ta, ko zanenta na da kyau. Mai hoton dutse da ƙanƙara a gefe ta ƙasar sanyi ce, robarta tana laushi a zafinmu. In biyu kawai za a iya saye, sababbin su tafi baya.

Kafin a biya kuɗin Vigo ta hannu, ga binciken da bai fi rabin awa ba. Injin na aiki, ƙafafu a miƙe, a kaɗa sitiyari: wasan da zai yi kafin taya ta motsa kada ya wuce milimita 30. A ɗaga gaba da jak, a kama taya dama da hagu a girgiza, in akwai wasa rotil ɗin sitiyari ne, wato gaɓar ƙarfe mai kan ƙwallo. A kama sama da ƙasa, in akwai wasa bori ne ko rotil ɗin hannu. Na ƙasa shi ne wanda ba a yi wa jinkiri, don idan ya fita ƙafa kwanciya take yi. A duba robobin hannayen gaba da na idon lam, da rigar robar sitiyari, wadda in ta yage yashi ke shiga ya ci haƙora. A ƙirga lam dama da hagu, a nemi karyayye ko walda. Sannan a fita hanya. Kakkarwar sitiyari tsakanin 90 da 110 rashin daidaiton nauyin taya ne ko lanƙwasasshen wili. Kakkarwa sai an taka birki, faifan gaba ne. Wadda ake ji a ƙarƙashin kujera idan an taka totur, farfela ce, sandar da ke kai juyi zuwa aksul. Ɗan ja zuwa dama gangaren hanya ne, amma ja mai ƙarfi, bayan an daidaita iska, saitin ƙafa ne ko shasin da ya taɓa bugu.

Saitin ƙafa da igiya yana gyara buɗewa da tsukewar tayoyi kawai. Kwanciyar taya da komawar sitiyari tsakiya ana saita su ne da kusoshin hannun ƙasa masu kan da ya karkace, kuma sai da na'ura. Kusoshin suna yawan cijewa da tsatsa, a jiƙa su da mai tun daren jiya. Sabbin robobi kuma ba a ɗaure su tamau mota na kan jak, sai ta sauka ta tsaya da nauyinta, in ba haka ba a murɗe za su zauna su yage cikin ƴan watanni.

Wanda aikinsa lodi ne mai nauyi kullum a daji, Land Cruiser 79 mai sandararren aksul gaba da baya ta fi dacewa da shi, duk da sitiyarinta ya fi kasala kuma ta fi gajiyar da jiki a kwalta. Wanda ba ya fita gari kuma ba ya ɗaukar kaya, tsallen bayan Vigo a kan tudun rage gudu zai ishe shi, ƙaramar mota ta fi masa. Vigo ta mai raba tafiyarsa ce tsakanin kwalta da ƙauye, da mutum huɗu ko biyar da kayan da ba su wuce rabin tan ba. Shi ma ya ware kuɗin amotisar huɗu, rotil, robobi da saitin ƙafa a cikin lissafin saye tun farko, ya kuma ajiye ma'aunin iska da famfo a bayan kujera, don tsakanin Dakoro da Barmo ba ko'ina ake samun mai faci ba.